Daga Arewa zuwa Accra: Yadda Matashi Zai Shirya Ziyarar Aboki a Ghana

Matasanmu da yawa suna da wani nasu a Ghana. Wani abokin karatu ne da aka zauna aji ɗaya, wani a waya aka saba har aka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya, wani kuwa ɗan'uwa ne na jini, wanda kakansa ya bi fataken goro zuwa Gwanja da Salaga bai dawo ba, zuriyarsa ta yaɗu a zangon Kumasi ko unguwar Nima ta Accra. Kullum aka yi waya sai a ce, "Yaushe za ka zo mana?" kai kuma ka ce, "In sha Allahu." Ga wanda bai taɓa ƙetare iyaka ba, ina ganin Ghana ta fi ko'ina dacewa da fitar farko. Babu wahalar biza, akwai unguwannin da za ka wuni kana Hausa, amma duk da haka ƙasar wasu ce, da kuɗinta da dokokinta da al'adunta.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, duk shirin da za ka yi, na takardu da na kuɗi da na hanya, manufarsa ɗaya: ka isa gidan abokinka a matsayin baƙon da aka ji daɗin zuwansa, ba nauyin da aka ɗora masa ba.

Fara da magana, kafin takarda

Gayyatar waya daban take da shirin karɓar baƙo. Kafin ka kashe ko sisi, ka kira abokinka ku yi magana ta gaskiya. A ina zan kwana? Ɗakinka kai kaɗai ne, ko da iyali kake, ko haya kuke yi da wasu? Wane lokaci ne kake da sarari a wurin aiki ko makaranta? Kwana nawa zai yi maka daidai? Gidajen Nima da Mamobi a cushe suke, haya a Accra kuma tana da tsada, sau da yawa mutum zai ji kunyar ce maka ɗakinsa ba zai ɗauki mutum biyu ba. Kai za ka sauƙaƙa masa. Ka ce, "In akwai masauki mai sauƙin kuɗi kusa da ku, ni zan biya, mu riƙa wuni tare." In ya ce a'a wallahi gidansa za ka sauka, shi ke nan, ka dai ba shi ƙofar fita. Ku tsayar da ranar zuwa da ranar komawa tun yanzu. Mako ɗaya zuwa kwana goma ya ishi ziyarar farko.

Sai iyaye. Kada ka yi musu bazata, kada kuma ka ce Legas za ka alhali Accra ka nufa. Ka zauna da su ka faɗi wurin wanda za ka, ka ba su lambarsa da ta wani babba a gidansu, in da hali a haɗa mahaifinka da mahaifinsa su gaisa. Wannan gaisuwar tana canza yadda za a karɓe ka a can. Ga 'yan mata maganar ta fi nauyi: tafiya da muharrami ko cikin dangi, da sauka a gidan da iyaye suka sani, shi ne abin da addini da hankali suka nuna, musamman a hanyar mota mai iyaka uku.

Akwai wata gayyatar da dole in yi kashedi a kanta. An sha ceto matasan Najeriya daga gidaje a Ghana, waɗanda wani "aboki" ya kira da sunan ya samo musu aiki, ya ce su turo kuɗin rajista ko su taho da shi. Suna isa aka karɓe musu waya da fasfo, aka tilasta musu su yaudaro wasu. In gayyatar ta zo da alkawarin aiki mai albashin dala, da gaggawa, da "kada ka gaya wa kowa tukuna", to ka tsaya. Ka nemi ya yi maka kiran bidiyo daga gidansa, ka sa wani da ka sani a garin ya je ya gan shi ido da ido.

Fasfo da katin rigakafi

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar cikinta ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Najeriya da Benin da Togo da Ghana duk suna ciki. Rashin biza ba ya nufin rashin takarda: kana buƙatar fasfo, ko takardar tafiya ta ECOWAS da hukumar shige da fice take bayarwa. Shawarata ka yi fasfo kai tsaye, domin zai yi maka amfani a Umara ko karatu nan gaba.

Ana cike neman fasfo ne a shafin hukumar shige da fice a intanet, da lambar NIN, da shaidar haihuwa, da takardar asalin ƙaramar hukuma, sannan a ba ka ranar zuwa ɗaukar hoto da zanen yatsu. Tun 1 ga Satumba 2025, mai shafi 32 na shekara biyar naira dubu 100 ne, mai shafi 64 na shekara goma kuma dubu 200. Ka duba shafin kafin ka biya ko an sake sauyawa. Abin da ya fi jawo jinkiri shi ne saɓanin suna. In a NIN kai Muhammad ne, a takardar haihuwa Mohammed, ko ranar haihuwar ta bambanta, ka gyara tun kafin ka cike. Ka fara wannan aƙalla wata uku kafin tafiya. Mai tsohon fasfo kuma ya duba cewa da sauran wata shida ko fiye kafin ya ƙare.

Na biyu shi ne katin nan mai launin rawaya, shaidar allurar rigakafin cutar shawara. Za a tambaye ka shi a kowace iyaka. Ana rajista a intanet, a biya, a kai rasit ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, kamar wanda ke filin jirgin Malam Aminu Kano. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, don haka kada ka bari sai ana jibi tafiya. Daga nan kuwa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016. Za ka gamu da masu sayar da katin ba tare da allura ba. Kada ka saya. Cutar tana kisa, allurar kuma minti ɗaya ce.

Ka ɗauki fasfon da katin a hoto ka tura wa kanka da wani a gida, ka kuma yi kwafi biyu a takarda ka sa a jaka daban.

Kuɗi

Hanyar mota za ta bi da kai cikin kuɗi iri uku: naira, sefa a Benin da Togo, sai sidi a Ghana. Kada ka dogara da katin bankinka na naira. Wani yana aiki a waje, wani ba ya yi, wani kuma sai ranar da ka matsu zai ƙi. Ka canji ɗan sefa tun daga gida, a Kano 'yan canjin Wapa suna da shi, ka nemi ƙananan takardu don abinci da ruwa a hanya. Babban guzurinka ka riƙe shi a dala, ko ku shirya da abokinka ta hannun ɗan canjin da ya amince da shi: ka biya naira a nan, ya karɓi sidi a can. A Ghana kusan komai da kuɗin waya ake biya, wanda suke kira MoMo, har mai sayar da koko a bakin titi. In dole ka yi canji a bakin iyaka, ka san farashin ranar tun kafin ka isa, ka canji kaɗan, ka ƙirga a gaban mai canjin kafin ka miƙa naka.

Wani abu da ke ruɗa baƙo: a 2007 Ghana ta cire sifili huɗu daga kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi 1. Har yanzu wasu dattawa da 'yan kasuwa suna faɗin farashi da tsohon lissafi. In ka ji an kira maka wani adadi mai ban tsoro a kan ƙaramin abu, ka tambaya kafin ka firgita.

Wajen lissafi, ka ware kuɗin komawa gida gaba ɗaya ka ɓoye shi inda ba za ka taɓa ba, ko ka sayi tikitin dawowa tun farko. Babu abin da ke ɓata ziyara irin baƙo ya wayi gari yana neman mai masaukinsa ya haɗa masa kuɗin mota. Bayan wannan ka ƙiyasta abincinka da zirga-zirgarku ku biyu, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu don abin da ba a zata ba.

Jirgi ko mota

Daga Legas zuwa Accra tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgi, daga Abuja ma ana tashi. In aljihu zai ɗauka, kuma kai kaɗai ne, wannan ya fi kwanciyar hankali. Mota ta fi arha, ta fi gajiya, ta kuma fi nuna maka duniya.

Wani zai kalli taswira ya ga kamar ya fi kusa a bi ta Sakkwato a shiga Nijar, a ratsa Burkina Faso a sauka arewacin Ghana. Kada ka bi nan a wannan zamani. Hanyoyin yankin suna fama da 'yan bindiga, ga kuma Nijar da Burkina Faso da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Hanyar gaɓar teku ita ce taka.

Ka isa Legas da kwana ɗaya a hannu, ka huta. Akwai kamfanonin manyan motoci, irin su ABC Transport, da ke zuwa Accra kai tsaye. Ga sabon matafiyi su na fi so, domin ma'aikacin motar yana tattara fasfo ya bi layin hatimi tare da ku, kuma jami'ai sun saba da su. Akwai ƙananan motoci daga tashar Mile 2 ta Legas zuwa iyakar Seme, daga nan ka riƙa canza mota gari-gari. Wannan sai wanda ya san hanya kuma yana ɗan jin Faransanci.

Tsarin hanyar ga shi. Daga Legas ta Badagry zuwa iyakar Seme, inda Najeriya da Benin suke aiki a harabar haɗin gwiwa da aka buɗe a 2018. Sai Kwatano, garin 'yan acaɓa masu rawayar riga. Sai iyakar Hillacondji ka shiga Togo, wadda faɗinta a bakin teku bai wuce kilomita 50 da 'yan kai ba. Birnin Lome a jikin iyakar Ghana yake, kana fita daga cikinsa ka taka Aflao. Daga Aflao ka haye gadar kogin Volta a Sogakope, ka bi ta Tema ka shiga Accra. Duka tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba, amma ka sa a ranka wuni guda za ta ci, saboda tsaye-tsayen iyaka da shingayen hanya. Ka hau motar asuba.

Iyaka uku, hatimi shida: fita da shiga a kowacce. Duk lokacin da aka dawo maka da fasfo, ka buɗe ka ga hatimin da idonka, ka duba kwanan wata. Hatimi ɗaya da ya ɓace zai iya zame maka matsala a dawowa. A Aflao ka duba kwana nawa aka rubuta maka, kada ka wuce su. Za a tambaye ka inda za ka sauka, don haka ka rubuta sunan abokinka da unguwarsu da lambarsa a takarda, ba a waya kaɗai ba, domin caji yana ƙarewa. Wani lokaci a kan nemi "kuɗin sabon fasfo" daga wanda ba a taɓa buga wa hatimi ba. Babu wannan a doka. Ka yi magana cikin ladabi, ka nemi rasit, kada ka ɗaga murya, kada kuma ka fito da damin kuɗi a gaban kowa. Masu cewa "kawo fasfo in taimake ka" ba tare da kaki ko katin aiki ba, ka gode musu ka wuce. Haka masu cewa za su zagaya da kai ta bayan gari a babur: shiga ƙasa ba hatimi laifi ne, kai za a kama ba su ba. Kada ka ɗauki hoto a harabar iyaka.

Sai babbar doka: kada ka karɓi saƙon kowa a rufe. Ko tsohuwa ce ta roƙe ka a tasha, ko wani na unguwarku ya ce ka kai wa ɗan'uwansa, sai an buɗe a gabanka ka ga abin da ke ciki. Ƙwayoyi irin su tramadol a jakarka, ko ba naka ba ne, kai za su kai kurkuku. Maganin da kake sha kuma ka bar shi a kwalinsa tare da takardar likita.

Abin da za ka ɗauka

Jaka ɗaya ta isa. Accra akwai zafi mai gumi, ka ɗauki kaya marasa nauyi da manyan kaya ɗaya na Juma'a. Ruwan sama ya fi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, Yuni kuma watan ambaliya ne a wasu unguwanni. Soket ɗin Ghana irin namu ne mai baki uku, na Benin da Togo ne mai ramuka biyu zagayayyu.

Tsaraba kuwa ka ba ta muhimmanci. Hular Kano, yadin shadda daga Kantin Kwari, turaren wuta da humra ga mahaifiyarsa ko matarsa, yajin gida, dabino, alawa ga yara. Kilishi ana murna da shi ƙwarai, sai dai a ɗaure shi da kyau kuma kada ya yi yawan da zai zama kamar na sayarwa, don jami'an iyaka suna iya tsayawa a kan kayan nama. Tambayi abokinka su wane ne a gidan, kada ka manta da babba.

Zaman baƙunta

Kana shiga Ghana ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya. Tun daga Togo ma lokacin ya canza. Ka kira gida ka ce ka sauka. Batun layin waya, rajistarsa a can tana da tsauri, ka bar abokinka ya raka ka ofishin kamfanin da fasfonka. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce, ofishin jakadancin Najeriya kuma yana Accra in fasfo ya ɓata.

Washegari ka nemi ya kai ka ka gaida manya: iyayensa, mai gidan hayarsu, limamin masallacin unguwa. A cikin taro, musamman wurin Asantawa, ana fara musabaha daga dama a bi zuwa hagu, miƙa abu da hannun hagu kuma abin kunya ne kamar yadda yake a wurinmu. Hausar zango za ta zo maka daban, da kalmomin Turanci da na Twi a ciki, kuma sau da yawa ba a bambanta namiji da mace a magana. Kada ka yi dariya, kada ka zama malamin gyara. Mutanen nan sun riƙe harshen shekaru aru-aru a tsakiyar wasu harsuna, abin a yaba musu ne. Haka nan ka bar gardamar wace ƙasa ta fi. Korar baƙi da Ghana ta yi a 1969 da wadda Najeriya ta yi a 1983 sun taɓa gidaje da yawa a zango, akwai dattawan da abin ya faru a kan idonsu.

Hadisi ya nuna liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne. Ka yi aiki da wannan. Daga rana ta huɗu ka zama ɗan gida: ka sayo burodi da ƙwai da safe, ka biya kuɗin mota in kun fita, ka sa kuɗin wuta in mita ta yi ƙasa, ka wanke kwanonka, ka gyara shimfiɗarka. Zai ce ka bari, kai dai ka yi ba tare da surutu ba. In zai tafi aiki kada ka sa shi jin laifi. Ka koyi hawa trotro, ƙananan bas ɗinsu, ka fita da kanka ka dawo kafin dare. Kada ka kawo wani baƙo gidan, kada ka ɗauki hoton iyalinsa ka watsa ba izini, abin da ka gani na rufin asirin gidansa kuma ya tsaya a can. Game da salla, a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya daina ƙasaru, sai ya cika.

Ka ci abincinsu da zuciya ɗaya. Waakye, wato shinkafa da wake, da shito, baƙin yajinsu mai mai, koko da ƙosai, tuwon zafi, duk za ka ji su kusa da gida. Banku da kenkey, tuwonsu na ƙullun masara, suna da tsami, sai a hankali. A wajen zango ka tambayi irin naman kafin ka ci. Ka kwana cikin gidan sauro.

In kana tunanin haɗa ziyara da ɗan kasuwanci, ka sani dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma an sha samun saɓani da 'yan kasuwar Najeriya a kan haka. Ka zo ziyara, ka tsaya a ziyara. Ka buɗe ido ka yi tambaya, in akwai abin yi ka dawo masa da shiri.

Wuraren gani suna da yawa, amma kada ka mai da abokinka direban yawon buɗe ido. Ku zaɓi biyu ko uku. Sallar Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021 da ginin salon Turkiyya. Wurin tunawa da Kwame Nkrumah, da kasuwar Makola. In akwai kwana ɗaya cikakke, ku je Cape Coast da Elmina. A Elmina ne Turawan Fotugal suka gina ganuwa a 1482, wadda daga baya ta zama matattarar bayin da ake lodawa a jirgin ruwa. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na wurin suna sa mutum ya yi shiru, kuma ina ganin duk matashin Afirka ya kamata ya gan su. Mai dangi a Kumasi ya hau mota daga tashar Circle da ke Accra, tafiyar kimanin kilomita 250, ya ga kasuwar Kejetia da unguwannin Aboabo da Asawase. A bakin teku kuwa, don Allah ka tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana janye mutum ta ƙasa, iyon kududdufi ko na dam ba ya aiki a nan.

Komawa

Ka tafi ranar da ka ce za ka tafi, ko da ana roƙonka ka ƙara. Ana jibi ka tabbatar da tikiti, ka sayi tsarabar gida: atamfa, ɗan yankin kente, wato saƙin gargajiyar Ghana, cakulan, kwalbar shito a ɗaure da leda biyu. Ka bi manyan da ka gaisar ka yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya, ka bar wa yara da wadda ta riƙa dafa muku abinci wani abu a hannu. In ka ci bashin ko sidi biyar ne, ka biya kafin ka ɗauki jaka. Sauran sidin da ya rage ka kashe shi ko ka canza a Aflao, domin a Arewa samun mai karɓarsa da daraja sai an sha yawo. Hatimi shida na dawowa ma ka duba su kamar na zuwa. Kana isa Legas ka kira shi, ka sake kira in ka shiga gida, ka ba iyayenka wayar su yi wa nasa godiya, sannan ku tsayar da watan da shi ma zai zo.